Layin Kawu Anselmo

Luchenza,
cikin sanyin watan Yuni.

Zuwa ga ƙanena Lonjezo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Tionge da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga ruwan saman garin nan naku na Cork da ka ce ba ya gajiya, ya sa albarka a cikin abin da kake nema. Mu nan muna nan yadda ka bar mu, ko kusa da haka. Gwaggo Nachisale ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. 'Yata Mwandida ta fara koyon aikin jinya a Zomba, ta rame amma ta ce tana so. Masarar bana ba ta yi abin kirki ba, sai dai ba za mu roƙi kowa ba. Chiperoni ya sauko mana daga dutsen Mulanje, yayyafi da hazo tun safe har yamma, wanki ba ya bushewa, ɗalibaina suna zuwa aji suna tari ina koya musu tarihin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanninsu.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kake kira na duk Lahadi. Na zaɓe ta ne don ita kaɗai ce ba ka iya katsewa da cewa Yaya, tsaya in yi miki bayani. Duk lokacin da ka tambaye ni Baba a waya nakan ce da sauƙi, kai kuma ka karɓa da sauri kamar mai gudun kada in ƙara wani abu. To ga abin da ban ƙara ba. Tun da ka zo mana lokacin Ista ka koma, Baba ya daina cin abinci. In na kai masa nsima, tuwonmu na masara, ya gutsuri loma ɗaya don kada in tsaya masa a ka, ya ture sauran. Wandonsa yanzu sai da igiya. Na kai shi asibiti, suka duba suka ce ba su ga sabon ciwo ba, tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ni na san mene ne, kuma ya fara ne daga kyautar da ka kawo masa.

Dole in koma baya, don kai ba ka taɓa zama a ɗakin rediyo ba sai in an aike ka kiran Baba cin abinci. Ka san labarin Kawu Anselmo na Mocuba, wanda ya zauna a gidanmu lokacin yaƙin ƙasarsu, yana kwana a kan tabarma a ƙarƙashin teburin rediyo, yana dafa mana ganyen rogo da madarar kwakwa, Mama tana cewa zai ƙarar mata da gishiri. Kai kana goye a lokacin. Shi da Baba sun san juna ta iska, ta rediyon aika saƙo, tun kafin su ga fuskar juna, tun Baba yana buga tangaraho a tashar jirgin ƙasa, shi kuma yana gyaran rediyo a kasuwar Mocuba. Da ya koma gida suka ci gaba, duk Lahadi bayan an taso daga coci, suna buga wa juna saƙo irin na tangaraho, ɗigo da ja, zagi da tsiya. Da tsufa ya fara kama hannuwansu sai suka yi alkawari. Kawu Anselmo ya haɗa wata 'yar na'ura da batir da farantin hasken rana, ba ta faɗin komai, ƙara ɗaya kawai take fitarwa siririya a daidai wurin da suka saba haɗuwa a rediyo. Ya ce wa Baba muddin yana jin wannan ƙarar to yana raye, ran da ta ɗauke ya sa a yi masa addu'a, amma kada ya ba Gwaggo Nachisale jagorancin waƙa don ba ya so mala'iku su gudu.

Sauran ka sani, amma a gutsure. Tsawa ta ƙone na'urar aikawa ta Baba, ya rage da ta saurare kawai. Kunnuwansa suka tafi, na dama da farko, na hagu ya bi shi. Sai guguwar nan ta zo, kogin Licungo ya cika ya shafe unguwar su Kawu Anselmo, lambar wayarsa ta daina shiga. Na rubuta wa cocinsu, na tambayi direbobin da ke ratsa iyakar Muloza. Wani ya ce 'yarsa ta tafi da shi Nampula, wani ya ce yana sansanin da aka tsugunar da mutane a kan tudu, wani ya ce shi dai ya ji an binne wani tsoho mai gyaran rediyo amma bai riƙe suna ba. Baba kuwa ya zauna da abin saurare a kunnuwan da ba sa ji, tun safe har azahar, yana kallon bango. Yakan kira ni ya ɗora mini a kai ya ce in faɗa masa abin da na ji. Ni shuuu kawai nake ji, kamar ana zuba shinkafa a faranti. Ban taɓa iya rarrabewa ba.

Malam Chikuse ne ya kawo dabarar, dattijon nan na ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Blantyre da yakan zo da tsohuwar motarsa mai tari. Ya ce tunda kunne ya ƙi, a ba ido aikin. A ja waya daga ramin abin saurare na rediyo zuwa kwamfuta, ita kuma ta zana duk abin da ke shigowa a allonta, hayaniya ta fito shuɗi-shuɗi tana gangarowa kamar ruwa a bango, ƙara mai tsayawa wuri ɗaya kuma ta fito farin layi a tsaye. Tsohuwar kwamfutata ta makaranta ramin sautinta ya daɗe da mutuwa, sai ya ce in sayo abin da suke kira katin sauti. Bai yi kama da kati ba. Ɗan abu ne baƙi kamar babban yatsa, da rami biyu a gindinsa, ana soka shi a gefen kwamfuta. A kasuwar Limbe na saye shi a kan tire, tsakanin tocila da abin yanke farce, kuɗinsa bai kai na kaza ba. Baba ya sa masa suna kunnen aro.

Ranar da aka haɗa, Baba ya murɗa maɓallin neman tasha zuwa wurinsu da yatsun da suka san hanya ba tare da ido ba, aka kunna kwamfuta, sai ga farin layi, siriri, a miƙe, daidai inda ya kamata. Lonjezo, ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba, ko ranar da muka binne Mama. Ran nan ya yi. Ya buga tebur ya ce ga tsohon banzan nan, ruwa ma ya ɗanɗana shi ya tofar. Nan take ya sa aka kawo salatif ya manne maɓallin don kada wani ya taɓa. Daga ranar kullum da safe, in ya sha shayinsa, sai ya ja kujera ya ce Anselmo, ka kwana? Har yau mutuwa ta ƙi ka? Ya ba shi labarin farashin taki, da wanda ya rasu a coci, da yadda 'yarsa malamar tarihi ta ƙone wake. Gwaggo takan leƙa ta ce wannan ita ce hirar da ta fi kowace daɗi a duniya, kurma da zanen alli, babu mai katse wani. Baba ya yi ƙiba a wannan lokacin. Har gonar baya ya koma leƙawa.

Ni ce na fara gano gaskiyar abin. Wata Asabar ina share tebur, salatif ɗin ya riga ya saki saboda damshi, tsummana ya ja maɓallin. Na ga duk abin da ke allo ya zame gefe guda, 'yan ɗige-ɗige da guntayen layukan wasu tashoshi, duk suka tafi. Farin layin nan bai motsa ba. Na tsaya da tsumma a hannu. Tun ina 'yar firamare Baba ya koya mini cewa abin da ya zo daga waje yana gudu in ka murɗa, wanda aka haifa a cikin ɗaki kuwa yana nan inda yake. Na mayar da maɓallin wurinsa, na sa sabon salatif. Da Malam Chikuse ya zo na ja shi bayan gida gindin mangwaro na tambaye shi. Ya cire hularsa ya daɗe yana duba cikinta kamar amsar tana ciki. Ya ce irin waɗannan masu arha ba a yi musu katanga tsakanin wutar kwamfuta da sautin da ke shigowa ba, kwamfuta kuma tana ƙwanƙwasa ramin nan ba fasawa, ƙwanƙwasar ce ke yoyo ta fito kamar ƙara, kuma rashin sa'a ko sa'a ta faɗo daidai inda Baba ya saba ajiye abokinsa. Ya ce shi tun ranar farko ya gane, ya buɗe baki, sai ya dubi fuskar Baba ya haɗiye. Ya ce, 'yata, ni dai ban ga komai ba, ke fa? Na ce ni ma ban gani ba.

Kada ka yi tsammanin zan nemi gafara a kan wannan. Na karanta littattafai da yawa waɗanda masu su suka rantse gaskiya ta fi komai, kuma na lura yawancinsu ba su taɓa wanke wa tsoho wando ba. Na auna, na ga layin yana sa Baba cin abinci, na bar shi. Za ka ce me ya sa ban faɗa maka ba. Yaushe ka tambaya? Ka sauka lokacin Ista da akwatuna, ka shiga ɗakin rediyo ka tsaya hannu a ƙugu kamar mai duba makarantar ƙauye. Ka zare kunnen aro ka ɗaga shi sama da yatsu biyu kamar ka kama kyankyaso. Ka ce wannan shara ce, kunne ɗaya gare shi, yana ƙara hayaniyar kansa, yana murɗe sauti, abin kunya ne a ce uban injiniya yana amfani da shi. Ka yi ta ɗaga wa Baba murya a kunnen da ya mutu, shi kuma yana gyaɗa kai yana murmushi don bai ji ko ɗaya ba. Ni a lokacin na ce maka ka bar shi yadda yake. Ka yi dariya ka ce Yaya, ke dai ki tsaya a kan sarakunan da suka mutu, ki bar mana wayoyi. Na ɗauka maganar ta mutu a nan. Ban san akwai akwati a cikin akwatinka ba.

Safiyar da za ka tafi, ina kicin ina soya maka gyaɗar hanya, Baba yana wanka, ka shiga ka cire ɗan baƙin abin ka haɗa naka, mai launin azurfa da 'yan fitilu kore. Ka ce wa Gwaggo kada ta faɗa, so kake ya zama abin mamaki. Tsohon katin kuma ka jefa a ramin shara, ita kuwa Gwaggo ranar ce ranar ƙona shararta. Motarku tana fita daga layinmu Baba ya sha shayi ya ja kujera. Gaskiyarka ne, Lonjezo, na'urarka tana da kyau. Allon ya fito tas kamar an wanke gilashi. Abubuwan da ba mu taɓa gani ba suka bayyana, 'yan siraran tashoshi daga nesa, Malam Chikuse da ya gani daga baya har ya yi fito ya ce bai taɓa ganin mai tsabta haka ba, ba ta ƙara komai nata. Ba ta ƙara komai nata ba kuwa. Wurin Kawu Anselmo babu kowa.

Baba bai yi kuka ba wannan karon. Ya zauna yana kallo har shayin da na ƙaro masa ya yi sanyi. Da azahar ya ce wataƙila batir ne, hadari ya hana shi caji. Washegari ya ce wataƙila iska ta karya eriya, tsohon banzan dama bai taɓa iya ɗaurin kirki ba. Bayan nan uzuri ya ƙare masa. Na nuna masa sabuwar na'urar na ce Lonjezo ne ya canza, ko mu ce ita ce matsalar. Ya ce kada in raina masa hankali, kunne mai kyau ba ya ɓatar da abin da mara kyau ya ji. Me zan ce? Abin da ya faɗa daidai ne a ko'ina cikin duniya ban da teburin nan. Sai ya ce wa Gwaggo ta gaya wa fasto a sa sunan Anselmo cikin addu'ar waɗanda suka rigaye mu. Ya koma gado ya juya fuska bango. An ce garin neman gira a rasa ido, ni dai ban san akwai ranar da zan ga an yi haka da akwatin azurfa ba.

Na tona tokar ramin shara da sanda, na sami wani dunƙulen roba da ba a gane gabansa. Sai na shiga mota na tafi Limbe da kwamfutata a jaka. Mai tiren da na saya a wurinsa ya tashi, na sami wani mai rumfa, wani ƙato mai haƙorin zinariya. Na ce ya kawo mini katin sautin da ya fi kowane lalacewa a rumfarsa. Ya ce Mama, Allah ya kiyaye, shi kayansa duk na asali ne, daga Dubai. Na ce to ya kawo na Dubai ɗin in gwada. Na zauna a kan bencinsa ina sokawa ina cirewa. Na farko bai ma tashi ba. Wani ya fito da layuka jere kamar haƙoran mataji. Wani ya fito tas, na mayar masa na ce wannan ya yi kyau da yawa, ba na so. Ya kira maƙwabcinsa mai sayar da caja ya ce zo ka ga ikon Allah, shi ya tsufa a kasuwa yana faɗa da masu dawo da mugun kaya, yau ga mai dawo da mai kyau. Maƙwabcin ya ce ko asiri malamar za ta haɗa da shi. Na ce eh, na kashe maza masu surutu ne, suka yi dariya, ni ban yi ba. Can ƙasan kwali muka sami wani fari, da na soka sai ga shi, layi ɗaya, siriri, a daidai wurin. Mai rumfa ya ce tunda shi nake so to shi ne mai tsada. Ko tayawa ban yi ba.

Washegari da hantsi na haɗa shi, na ture akwatinka gefe, na je na taso Baba. Ka san ni da shi ba ma ihu. In ina son magana da shi nakan kama wuyan hannunsa in buga masa da yatsa, ɗigo da ja, yadda ya koya mini lokacin da kai kake guduwa wajen ƙwallo. Na buga masa cewa ya zo ya gani. Na riƙe shi har kujera, ba shi da nauyin buhun gawayi. Ya dubi allo. Na ga fuskarsa ta fara buɗewa, na ce a raina shi ke nan. Sai idonsa ya sauka a kan tebur. Ya ga akwatinka a ture da wayarsa a cire. Ya ga farin abu a inda baƙi yake da. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe. Ni kuma na yi abin da ɗalibaina ke yi in sun yi satar amsa, na dubi taga.

Da farcensa ya ɓare salatif ɗin, a hankali. Ya murɗa maɓallin dama. Komai ya zame, layin ya tsaya. Ya murɗa hagu har ƙarshe. Layin yana nan. Ya sa hannu bayan rediyo ya cire wayar eriya gaba ɗaya, allon ya yi duhu, layin yana nan yana haske shi kaɗai. Sai ya miƙo mini wuyan hannunsa, bai dube ni ba, ya ce na farkon ma haka yake? Da zan iya cewa a'a. Babu mai ƙaryata ni, shaidar ta ƙone. Amma ya tambaye ni ne da muryar da yake yi wa sababbin ma'aikata a tashar jirgi, kuma mutum ba ya yi wa wanda ya koya masa bugu ƙarya da bugun. Na buga masa eh. Ya yi wata 'yar dariya busasshiya. Ya ce ashe duk safiyar Allah da ɗan yatsan roba yake gaisawa, har yana ba shi labarin taki. Ya ce shekara nawa yana korar yara daga ɗakin nan saboda ba su murɗa sun gwada ba, ga shi shi da hannunsa ya manne maɓalli. Na buga masa cewa laifina ne. Ya ce a'a, shi ya sayi salatif.

Ban ji komai a raina ba, in gaya maka gaskiya. Na mayar da shi gado, na je na wanke kwanuka, na gyara takardun jarrabawar aji uku. Har yanzu haka nake. Ina tashi, ina dafa abinci, ina zubarwa kaji. Fushin da nake yi da kai ma yana nan ne kamar dutsen niƙa a tsakar gida, ba ya zafi, ina dai zagaye shi in wuce. Gwaggo ta ce ta gaji da gidan da kurma ya yi shiru, mai ji ma ta yi shiru, ita kaɗai take magana kamar mahaukaciyar kasuwa. Ta ce da ni da kai da Chikuse duk karatu ne ya yi mana yawa, mun haɗu mu uku masu takardu mun kashe mata ɗan'uwa da abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Ban musa mata ba.

Amma ga dalilin takardar. A makon da ya wuce, da safe, Baba ya kira ni ya ce in dama masa kunun masara, in sa gyaɗa. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya sha rabin kofi, yana haɗiya kamar magani. Da ya gama ya ce ya yi tunani. In layin farko ƙarya ne, to ɓacewarsa ma ƙarya ce. Bai ga Anselmo a raye ba, amma bai ga mutuwarsa ba, kuma ya sa an yi wa mutum addu'ar matattu a kan shaidar ɗan yatsan roba, abin da ko maƙiyi ba a yi wa. Ya ce ya gama da na'ura, mai arha da mai tsada. Gani ya kori ji. In kai shi Mocuba. In Anselmo yana raye ya zage shi ido da ido, in ya mutu a nuna masa ƙasar da aka rufe shi ya tsaya a kai. Ya ce zai ci abinci, amma in sani na hanya yake ci.

Na koma asibiti na tambaya. Ma'aikacin ya ce zuciyarsa ba ta hanya ba ce, ko zuwa Blantyre ba zai ba da shawara ba, balle a tsallaka iyaka a bi hanyar da ruwa ya cinye. Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta ce sai dai a bi ta kan gawarta, sannan da yamma na same ta tana ɗinke masa aljihun babbar rigarsa ta coci. Malam Chikuse ya ce motarsa da shi kansa duk sun kai shekarun mutuwa, gara su mutu a hanyar abin kirki, zai kai mu. Ni na san abin da ke iya faruwa. Mai yiwuwa mu je mu sami unguwa babu kowa, mu yi ta tambaya da guntun yaren da nake ji ana nuna mana gabas da yamma. Mai yiwuwa mu sami kabari. Mai yiwuwa in dawo da Baba a kwance a bayan mota. Na jera su duka a gabana na dube su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fi muni da wanda nake kallo a gadon nan yana fuskantar bango. Jiya ya ci nsima da ɗan kifi, ya sa na riƙe shi ya taka har bakin ƙofar gida ya dawo, wai yana gwada taya.

Saboda haka za mu tafi da zarar an rufe makaranta, in hazon nan ya ɗaga. Ba izininka nake nema ba, kuma kada ka kira ni ran Lahadi da jerin dalilai, na riga na san su, na fi ka iya jera su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka aiko da komai, ko na'ura, ko magani, ko kujerar turawa da ka gani a shago. Abin da nake so shi ne mutum mai ƙarfin da zai ɗaga ubansa ya sa a mota, ya sauke shi, ya riƙe shi in zai kama ruwa a gefen hanya, don ni bayana ya fara gazawa kuma Baba yana jin kunyata. Akwai wuri ɗaya a kujerar baya kusa da shi. Zumunta a ƙafa take, Lonjezo. In ka zo, ka zo hannu sake. In ba ka zo ba, zan sa jarkar ruwa a wurin, ba kuma zan sake tayar da maganar ba har abada, ka san ni.

Ka gaida mini Tionge, ka ce mata na gode da rigar sanyi, ita ce a jikina yanzu. Ka gaida Pemphero da Takondwa, ka ce musu kakansu ya tambaye su, da gaske ya tambaya, ba don cika takarda na faɗa ba. Gwaggo Nachisale tana gaishe ku, ta ce in rubuta cewa kai sakarai ne tun kana yaro amma tana sonka, na rubuta. Mwandida ta ce a gaida kawunta. Baba bai san ina rubuta maka ba. Da na tambaye shi ko in faɗa maka batun tafiyar, cewa ya yi yaron yana da aiki, kada a dame shi.

Allah ya tsare ku, ya kai mu inda za mu.

Ni ce yayarka,
Ulemu